Fim Ɗin da Kawu Ya Shirya Don Wanke Kansa

Ka taɓa ganin mutumin da aka kama da ƙarya, maimakon ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, sai ya aro kujeru ɗari biyu, ya rataya farin zanen gado a bango, ya gayyato jama'a su zo su kalli ƙaryar da idonsu? Ni na gani. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, kuma ni na riƙe masa kyamara.

Shekara goma sha huɗu Kawu yana rubuta shafi na bakwai a jaridar mako-mako ta garinmu. Sunan shafin "Ganau", har sunan ya bi shi, yara da manya kowa Ganau yake ce masa. Kowane mako sai ya zaƙulo wani mutum mai ban mamaki da ba wanda ya taɓa jin labarinsa. Yau tsohon matuƙin jirgin sama da ya sauke jirgi a gonar rake injuna a mace. Wani makon likitan dabbobin da ya yi wa zaki tiyata. Wani makon injiniyan da ya gina gada a kan kogi mai ambaliya. Abin da ya sa ake rububin shafin shi ne mutanen Kawu sun iya magana. In suka faɗi abu ɗaya, sai ka wuni kana maimaita shi.

Wata tsohuwar malamar makaranta ce ta ɓata lamarin, kuma da kyakkyawar niyya. Ta karanta cewa idon matuƙin nan ya raunana, tausayi ya kama ta, ta sayi tabarau ta kai ofishin jarida ta ce a ba ta adireshinsa. Kawu ya rubuta mata adireshi ko ɗaga kai bai yi ba. Matar ta je ta tarar da taransifoma, ta dawo ta faɗa wa Editan jaridar. Daga nan Edita ya buga waya gidan namun daji, suka ce su ba su taɓa mallakar zaki ba, jimina biyu gare su da kunkuru. Kogin kuwa aka duba taswira aka rasa shi. Ranar Edita ya karɓe katin aikin Kawu ya jefa a durowa.

Kawu ya dawo gida ya zauna a falo ya ce, "Hassada ce."

Matarsa, wadda muke kira Anti, tana ninke kaya ta ce, "Taransifomar ce ke maka hassada, Baban yara?"

Ni lokacin wata biyu ke nan da gama digirina a aikin jarida, kaina cike da dabaru ba wurin sauke su. Na ce masa ya rubuta takardar ban haƙuri, gajera, mai mutunci. Garin lallashi har na ce ai ba a kansa aka fara ba, akwai 'yan jaridar da irin wannan ta same su har aka yi fim da rayuwarsu. Cikin duk abin da na faɗa, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Kawu.

"Fim!" Ya miƙe tsaye. "Edita ya ce bai ga mutanena ba ko? To zai gan su. Manya-manya, a jikin bango, suna motsi!"

"Kawu, 'yan wasa ba hujja ba ne."

"Ke dai karatu kika yi, ni mutane na sani. Rubutu ake musu da shi. In mutum ya ga abu yana tafiya yana tari, ya gama yarda."

A gabanmu ya kira Edita ya sa wayar a sifika. Edita ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Zan zo. Katinka zai kasance a aljihuna. In ka nuna min abin da zai sa in miƙa maka shi, zan miƙa."

Neman 'yan wasa bai ba Kawu wahala ba. Akwai wani dogon benci a ƙofar shagon Mai Aski, taku goma sha biyu daga gidan Kawu, inda yake wuni kullum da ɗan littafinsa a cinya. A nan ya ɗebi Mai Aski da Tela da Bakanike da Mai Guga. Dukansu abokansa ne na shekaru, kuma babu wanda ya taɓa karanta shafinsa a cikinsu. Mai Aski da jaridar yake goge madubi, Bakanike shimfiɗa ta yake yi a ƙarƙashin mota, Tela kuwa yanka ta yake yi yana fitar da samfurin hannun riga.

Na kawo shawara Bakanike ya fito a matuƙin jirgi, tunda ya san inji.

Kawu ya zabura kamar ya taka garwashi. "A'a! Tela ne matuƙi. Bakanike likita. Mai Aski injiniya. Kuma kowa shi kaɗai za a ɗauka, kada ɗaya ya ji abin da ɗaya ke faɗa."

"Saboda me?"

"Sirrin sana'a. Ba a koya muku wannan a jami'a ba?"

Na rubuta a littafina cewa wata dabara ce ta sa ɗan wasa ya nutsu.

A garejin Bakanike muka haɗa jirgi, bayan Kawu ya aike shi can ƙarshen gari sayo wata waya da ba ma buƙata. Kujerar tsohuwar bas, sitiyarin mota, fanka biyu masu tsayuwa. Tela shi ya ɗinka wa kansa kayan matuƙi. Ya ce Talata za su fito, suka fito Juma'a, hannun hagu ya fi na dama tsawo. Aka sa Mai Guga ya tsuguna a baya yana jijjiga kujera don a ga jirgi na tangal-tangal. Ina cewa an fara, sai Tela ya kama sitiyari ya shiga taka ƙafa sama da ƙasa da sauri.

"Ba keken ɗinki ba ne!" in ji Kawu. "Jirgi ne! Mutum ɗari da tamanin ne a bayanka!"

Tela ya waiwaya. "Mai Guga kaɗai nake gani."

"Faɗi maganarka kawai!"

Tela ya gyara hula, ya dubi kyamara, ya ce, "Ni injin da ke ƙara ba ya ba ni tsoro, ciwonsa yake gaya min. Wanda ya yi shiru, shi nake tsoro." Ya faɗe ta da kyau ƙwarai. Sai dai yana rufe baki jiri ya ɗebe shi, ya ce a tsayar da jirgin zai sauka. Kawu ya ce a ƙara iska don a ga tashin hankali, Mai Guga ya murɗa fanka har ƙarshe, takardun labarin gaba ɗaya suka tashi suka sauka cikin kwanon baƙin mai.

Zaki kuwa karen da ke gadin garejin ne. Na ce mu nuna inuwarsa kawai a bango, zai fi ban tsoro. Kawu ya ce shi ba ya aikin rabi da rabi. Aka cire gashin mofa biyu, irin na goge ɗaki, aka ɗaura wa karen a wuya, aka cika masa ciki har barci ya kwashe shi, aka ɗora shi a kan teburin cin abincin Anti lokacin ta tafi kasuwa. Bakanike ya sa farar rigar da Mai Guga ya aro daga kayan wani kwastoma. Kafin a fara ɗauka, rigar ta yi shatin yatsu goma baƙi ƙirin.

Kawu, wanda shi ke fitowa a matsayin kansa, ya matso da makirfo. "Likita, ba ka jin tsoron kuskure a jikin irin wannan dabba?"

Bakanike ya ɗaga wuƙar yanka burodi ya ce, "In wuƙa ta zame min ba na nuna komai a fuska. Sai in dafa kansa in ce, malam, kai ne ka motsa."

A daidai nan zakin ya buɗe ido ya ga soson makirfo a gaban hancinsa. Ya cafke shi ya riƙe gam. Kawu ya ja, zaki ya ja, geza ta zamo ta rufe masa ido ɗaya, ya diro daga tebur da haushi. Ban san mutum mai shekara hamsin da biyu zai iya hawa firji ba tare da kujera ba sai ranar.

"Ci gaba da ɗauka!" Kawu ke ihu daga sama. "Za mu ce ina janye hankalinsa ne daga kan likita!"

Haka Anti ta shigo ta same mu, leda a hannu biyu. Ta dubi karen, ta dubi teburin, ta dubi mijinta. Ta ce, "Ni dai da takardar ban haƙurin nan ka rubuta, da tuni mun ci abinci."

Gada ta fi sauƙi, a tunaninmu. Katako ɗaya aka gitta a kan kwatar da ke gaban shagon aski, ni kuma na kwanta a ƙasa da kyamara don ya yi kama da abu mai tsawo. Sai da muka jira Tela ya tafi sayen zare, saboda shagonsa na jikin na Mai Aski. Mai Aski ya kifa kwanon roba ruwan ɗorawa a ka, ya riƙe takardar kalanda a naɗe, ya ce, "Duk wanda ya tambaye ni yaushe za a gama, gobe nake ce masa. Kuma ban taɓa ƙarya ba, tunda ban faɗi goben wane mako ba."

"Madalla!" in ji Kawu. "Yanzu zan taka gadar in tsaya a tsakiya ina kallon nesa."

"Ganau, katakon nan tsohon murfin akwati ne fa," in ji Mai Aski.

"Na taka gadojin da suka fi wannan lalacewa."

Taku uku ya yi. Kwat ɗinsa guda ɗaya tilo, wadda ya tanada don ranar nuna fim, ita ta fara isa ƙasan kwatar. Mai Guga ya leƙa ya ce, "Kawo ta da ɗuminta, in ta bushe ba ta fita."

Fitowa ta ƙarshe ita ce ranar kora. Mai Guga ne Edita. Kawu ya cusa masa filo biyu a riga, ya ce ya riƙa huci. A labarin Kawu, ba korarsa aka yi ba. Shi ya yi jawabin minti goma sha ɗaya a kan gaskiya, ya cire katinsa ya wurga a tebur, Edita ya biyo shi har matakala yana roƙo.

Na sauke kyamara. "Kawu, wannan bai faru ba."

"Ya kusa faruwa."

Ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma, zauren makarantar firamaren unguwa ya cika har taga. An toshe tagogin da yadudduka daga shagon Tela, yawancinsu na mutanen da ke zaune a ciki ne. Maza sun zo da matansu, don kowa na son a ga mijinta a fim. Edita ya iso shi kaɗai, siririn mutum kamar sandar labule, da wani ƙaton fayil a hammata. Kawu ya tarbe shi da kwat mai ɗan wari, ya zaunar da shi a gaba, ya hau dandamali ya ce yau za a bambance ɗan jarida da mai zaman ofis.

Na kunna. Aka ga Tela a jirgi, aka yi tafi. Tela ya dubi jama'a daga jikin bango ya faɗi maganar injin da ya yi shiru.

"Kai!" Bakanike ne ya miƙe daga layi na uku. "Kai Tela! Maganata ce wannan!"

"Zauna mana, ka tare mana!" in ji na bayansa.

"Ba zan zauna ba! Ni na faɗe ta a bencin aski ranar da motar mai kantin magani ta mutu! A ina Tela ya san inji? Mutumin da in kekensa ya tsaya ni yake kira!"

"Takarda aka ba ni na haddace!" in ji Tela. "Ni jirgin ma amai ya sa ni!"

Kawu ya yi min alama da hannu in ƙara sauti. Na ƙara. Sai ga Bakanike a bango da wuƙar burodi, murya kamar tsawa: malam, kai ne ka motsa.

 Wani mutum a baya ya ɗaga hannu a hankali ya shafa wani tabo a bayan kunnensa. Na kusa da shi ya shafa ƙeya. Kafin ka ce me, maza sun fi ashirin kowa na laluben kansa.

"Ashe ba ni na motsa ba!" in ji na farkon. "Shekara shida ina ba ka haƙuri, Mai Aski!"

Mai Aski ya miƙe yana nuna Bakanike da yatsa. "Sirrin da na faɗa a cikin abokai shi za ka hau bango ka tona? Da rigar likita?"

"Wane ni! Ganau ne ya rubuta min!"

Ana cikin haka fim bai tsaya ba. Mai Aski ya bayyana da kwanon roba a ka ya yi bayanin gobe. Wannan karon Tela bai ce maganarsa ba ce. Bai samu dama ba. Mata ne suka faɗa masa.

"Goben wane mako! Tela, wallahi muryarka ce!"

"Ga yadina can a taga, tun bara yake gobe!"

Tela ya zame daga kujera ya koma bayan Mai Guga, wanda a daidai lokacin yake jikin bango da filo biyu yana huci. Edita ya gyara tabarau ya dubi cikin nan, ya dubi nasa. "Ni ke nan?"

"Fassara ce ta fasaha," in ji Kawu, murya can ƙasa.

Edita ya ce in tsayar. Ya hau dandamali, ya buɗe fayil ɗinsa. Ashe fitattun maganganun da Kawu ya sa a bakin mutanensa ya ja musu layi da jan biro, arba'in da ɗaya. Ya ce zai karanta, duk wanda ya ji tasa ya ɗaga hannu.

Abin ya koma kamar rabon sakamakon jarrabawa. Maganar kyaftin ɗin jirgin ruwa ta direban bas ce. Ta masanin taurari ta mai gyaran agogo ce. Ta wata jakadiya mai ritaya, mai kantin magani ta karɓe ta tana rufe fuska don kunya da daɗi. Mutum biyu suka kusa dambe a kan ta wani mai hawan duwatsu, sai da aka raba musu ita gida biyu. Kawu na tsaye a gefe yana ƙanƙancewa.

Edita ya dube shi. "Ganau, na zaci shekara goma sha huɗu ba ka zuwa ko'ina. Ashe kana zuwa. Benci kake zuwa. Kunnenka lafiya lau, ban taɓa samun ma'aikaci mai irinsa ba. Hulunan da kake ɗora wa mutane ne matsalar." Ya zaro katin daga aljihu ya ɗaga. "Ga sharaɗina. Zan buga gyara, kowace magana da sunan mai ita. In duka arba'in da ɗayan suka sami masu su, ka dawo, ka rubuta mutanen unguwar nan da sana'arsu ta gaskiya. In ɗaya ta rasa mai ita, ke nan ƙirƙira ka yi, katin nan ya koma durowa."

Nan take Kawu ya dawo da tsawonsa. Ya gyara kwat ya fuskanci jama'a. "Dama abin da fim ɗin ke nufi ke nan. Wanda ya fahimta ya fahimta."

"Saura ɗaya," in ji Edita. Ya juya shafi. "Mai gadin hasumiyar sadarwa, wanda ya yi shekara ashirin shi kaɗai a kan dutse. An tambaye shi ko ba ya kewar gida. Ya ce: In na yi kewar matata rediyo nake kunnawa. Duk ɗaya ne, sai dai shi rediyo yana da wurin kashewa."

 Kan kowace mace ya juya gefe a hankali. Maza kuwa kowa ya gano wani abin sha'awa a silin.

"Mai ita?" in ji Edita.

Ba wanda ya ɗaga hannu.

"Wallahi a benci na ji ta!" in ji Kawu. "Mai Aski, kana nan ai!"

"Injin aski na ƙara ranar, ban ji komai ba."

"Bakanike?"

Bakanike ya saci kallon matarsa. "Ni matata ba ta da yawan magana. Ko, Maman yara?"

"Ci gaba dai," in ji ta.

Mai Guga, bawan Allah, ya ɗaga hannu don ya ceci abokinsa. Edita ya tambaye shi shekara nawa da aurensa, ya ce yana dai nema. Edita ya ce ya sauke hannu.

Anti ta miƙe ta saɓa jakarta. "Baban yara, in ba ta da mai ita, daga kanka ta fito ke nan. Ka yi tunani da kyau kafin ka iso gida." Ta nufi bango ta yaye zanen gadonta, fuskar Mai Guga ta koma kan allo, ta fice.

Ga inda muke yanzu. Edita ya ba da wa'adi zuwa Juma'a ƙarfe goma na safe. In Kawu ya ce maganar tasa ce, ya rasa aiki, don ɗan jarida ba ya hira da kansa, kuma abin da zai tarar a gida ya fi wannan. In ya yi shiru, ya rasa aiki. Ya rantse ya kuma rantsewa cewa wani mai baƙar jaka ne ya faɗe ta yana jiran layin aski, amma maganar Kawu a kan mutanen da ba a gani ba ta yi arha a garin nan. Kwana huɗu ke nan Anti ba ta ce masa ko sannu ba, in za ta ba shi abinci sai ta kunna rediyo ta ajiye kusa da farantin.

Saboda haka, malam, in kai ne ka taɓa zama a bencin nan ka faɗi wannan magana, don Allah ka taimaki bawan Allah. Ka je ofishin jaridar kafin Juma'a, hawa na biyu, ƙofa ta ƙarshe a hannun dama. Edita ya yi alkawarin buga sunanka da mafi ƙanƙantar baƙaƙen da injinsu ke da su. Ka bi ta ƙofar baya, don matan unguwa sun kafa benci a ta gaba.